Rabin Fim a Ɗakin Wankin Ƙoda

Litinin, 1 ga Satumba

Ƙanwata Auta ce ta kawo littafin nan, wai in riƙa rubuta ruwan da na sha a rana don likita ya gani. Ruwan nawa yake da har zai ci littafi guda? Abin da ko kaza aka ba sai ta nemi ƙari. Na bar wa ruwa shafin baya don kada ta ishe ni da mita, sauran shafukan nawa ne.

Yau ma wankin ƙoda. Litinin, Laraba, Juma'a. A hau sikeli, a zauna, Sista ta soka allura biyu a hannun hagu, inji ya yi ta zuƙar jinina yana dawo da shi har rana ta take. Kujerata ce ta bakin taga. Na kusa da ni wani tsohon direban tirela ne, kafin a gama manna masa filasta ya soma minshari. Haushinsa nake ji, da na samu barcin nan nasa kuma ina so.

Abin da ke cinye mini lokaci talabijin ɗin bango ne. Da hantsi ana sa wani fim na 'yan sanda, a ɗakin shirin Sufeto muke ce masa. An tsinci gawar wani mai kantin magani cikin motarsa a ƙofar gidansa, mota a kulle, ƙafarsa ta hagu ba takalmi. Sufeton mace ce, ba ta fara'a, kullum tana tauna murfin biro. Ta burge ni.

Laraba, 3 ga Satumba

Ranar Litinin na bar matar mamacin a caji ofis tana rusa kuka. Yau na tarar da ita a falonta tana zuba wa Sufeto shayi. Me ya faru jiya? Oho. Kullum ake sa shirin, Litinin zuwa Juma'a, ni kuwa kwana uku nake zuwa. Tashar babu ita a gida, Talata da Alhamis kuma ina shago ina gyaran kujerun mutane. Rabin fim nake kallo ke nan.

Na tambayi Direba da ya farka. Ya ce, "Wace mata?"

Asabar, 6 ga Satumba

Auta ta zo da yaranta, da maganar da ta saba zuwa da ita. "Yaya, jini fa kawai za su ɗiba su ga ko namu ya dace." Na ce ba za a ɗiba ba. Na san yadda ake yi, yau jini, gobe hoto, jibi wuƙa. Yarinyar da na riƙa saɓawa a wuya ina kai wa makaranta bayan rasuwar Baba, ga 'ya'ya biyu ƙanana, ƙaramin bai daɗe da yaye ba, in bari a tsaga ta a cire mata ƙoda saboda ni? Ta ce ai ɗan'uwa rabin jiki ne. Na ce mai karin maganar bai ce a yanko a miƙa ba.

Ta yi dariya, ta tashi ta shiga kicin wurin maman yara. Na ji an buɗe famfo an bar shi yana ta zuba, na san kuka take yi.

Abin da ba zan faɗa musu ba shi ne na gaji. Ba ciwon ba ma, zuwan. Wata safiyar sai in zauna a bakin gado in ce, in ban je ba fa?

Litinin, 8 ga Satumba

Sana'a ba ta barin mutum. Yau na tsaya na ƙare wa kujerata kallo kafin in zauna. Kullum nakan tarar an kwantar da bayanta sosai, soson ya lotsa ta ɓangaren dama, a ledar hannun kujerar kuma akwai wata 'yar yaga da ke ƙara faɗi, wani ne ke ƙwaƙularta da farce. Wato mai zama a nan ranakun da ba na zuwa ƙato ne, dogo, mai ƙiba, marar haƙuri. Sai kuma abin ya faɗo mini: ai shi ke kallon ɗaya rabin!

Na roƙi Sista ta tambayar mini shi gobe yadda aka yi aka saki matar mamacin. Ta ce ita nas ce, ba 'yar aike ba. Na ce haba Sista, ki ɗauka sadaka ce. Ta ce za ta gani.

Laraba, 10 ga Satumba

Sista na neman jijiya ta ce, "Ta ce a gaya maka..." Na ce, "Ta?"

Ashe mace ce. 'Yar firit, in ji Sista, ta ɗan girme ni, filo take cusawa a gefen dama tana jingina, shi ya lotsa soson. To Sufeto ta kwantar da hankalinta, ba ni zan ƙwace mata aiki ba.

Saƙon dai shi ne an saki matar don maigadi ya ba da shaida ta kwana wurin jinyar uwarta. Kuma wai ita ma ta daɗe tana fama da rabin fim, in gaya mata me akawun mamacin ya ƙona a bayan kanti ranar Litinin, don ita toka kawai ta gani. Na zayyana wa Sista dalla-dalla, har ina nuna mata da hannun da ba allura. Ban ankara ba inji ya yi ƙarar gamawa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Sista ba ta kallon fim, shi ya sa labari ke lalacewa a hanya. Yau ta ce, "Ta ce mai gemun nan ya mari mai gilashin." Masu gemu uku ne a fim ɗin! Na ce wanne? Ta ce, "Wanda ya yi marin mana." Direba da muke zaton barci yake ya tuntsire da dariya har robar jininsa ta motsa, inji ya kama kuka.

Yanzu mun daidaita, kowa da laƙabinsa. Akwai Akawu, akwai Maigadi, akwai Abokin Hulɗa, wanda suka haɗa jari da mamacin. Ni ma ashe tuni ta raɗa mini suna, wai Ɗan Litinin. Na ce to ita ce Mai Talata.

Laraba, 17 ga Satumba

An binne mai kantin magani ranar Litinin. Can bayan bishiyoyi wata mata ta tsaya da koren lema, ba ruwa ake ba, ba rana ake ba. Ba a nuna fuskarta ba. Na aika a tambayi Mai Talata ko ta san ta. Amsa ta dawo yau: ita ma ta taɓa ganin lemar jingine a bayan ƙofar kantin tun farkon fim, ta zaci ita kaɗai ke da ido.

Ni na ce Akawu ne ya yi kisan, ya cire takalmin don akwai mabuɗi a ciki. Ita ta ce Akawu matsoraci ne, ko sauro ba zai iya kashewa ba, kuma mamacin da kansa ya cire takalminsa, in duba safarsa fes take. Safa! Wa ke kallon safar gawa?

Juma'a, 19 ga Satumba

An maimaita hoton gawar. Safar fes take. Ban ce a gaya mata ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Na zo da basilla da zare da ɗan ƙyallen leda mai kalar kujerar. Kafin Sista ta zo kaina na ɗinke yagar nan, ɗinkin ɓoye, sai ka shafa za ka san an taɓa. Wata takwas ina kallonta tana ci mini rai. Kyautata ke nan ga Mai Talata, tunda ba ni da abin ba ta.

Laraba, 24 ga Satumba

Ashe garin gyaran gira na rasa ido. Sista ta kawo saƙon tana danne dariya: "Ta ce wa ya aike ka? Ta ce in za a soka mata allura wurin take ƙwaƙula don kada ta yi ihu, jiya ta lalubi ramin ta rasa, sai hannuna ta damƙa." Har ta nuna mini shatin farcen.

Ni da na ɗauka rashin haƙuri ne. Ni in za a soka mini rufin ɗaki nake kallo ina ƙirga fitilu, ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai yau na ce Sista ta faɗa mata.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na yanko mata soso mai tauri daidai cikin hannu, na naɗe shi da yadi mai laushi. Ta matsa iya son ranta, ta bar wa Sista fatarta.

Talata, 30 ga Satumba

Shago. An kawo wata doguwar kujera da yara suka mayar filin tsalle, sifirin duk sun fito. Abokin aikina ke ɗagawa, ni nake yanka da ɗinki, an hana hannun hagu ɗaukar nauyi. Da hantsi na tsinci kaina ina duba agogo, na ce yanzu tana can tana kallo, ta san abin da ban sani ba.

Maman yara ta ce ba ta taɓa ganin mai ɗokin allura ba sai ni. Wai da sai ta tashe ni sau uku, yanzu ni ke tsayawa a bakin ƙofa ina cewa za mu makara. Ƙarya take yi mini. Ko kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Likita ya zagayo, ya daɗe kan takarduna. Ya ce zuciyata ta fara nuna gajiya, wanki riƙo ne ba magani ba, in akwai ɗan'uwan da zai bayar gara a fara gwaji tun jiki na da ƙarfin ɗaukar aiki. Na ce babu. Ya dube ni ta saman gilashi, don ya san Auta, ta sha tare shi a baranda.

Ya tsaya daidai gaban talabijin yana wannan bayanin, har Maigadi ya gama faɗin abin da ya gani daren kisan ban ji ba. Yanzu me zan aika wa Mai Talata? Na ce Sista ta ba ta haƙuri, likita ne ya shiga tsakani.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ba saƙo. Sista ta ce yau aiki ya yi mata yawa.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bayan kujerar a miƙe na tarar da shi. Ba shatin filo. Wani ne ya zauna jiya, ba ita ba, wannan ko makaho ya shafa ya sani.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na tambayi Sista kai tsaye. Ta ce ba ta maganar wani majinyaci da wani. Na ce wata guda kina kai wa kina kawowa, yau kika tuna doka? Ta ce wancan fim ne. Ta gyara robar, ta duba inji, ta wuce ba ta haɗa ido da ni ba.

A ɗakin nan in mutum ya daina zuwa ba a tambaya. Na ga an yi haka da mai gyaran rediyon da ke kujerar ƙofa, na ga an yi da wata baiwar Allah mai yawan salati. A goge kujera, a sa sabon zani, a kawo wani. Direba ya ce, "Ka bar wa Allah, ɗan'uwa," ya juya kai. Yau bai yi minshari ba.

Ban taɓa ganin fuskarta ba. Ko muryarta ban sani ba. To me ya sa nake jin kamar an yi mini rasuwa a cikin gida?

Laraba, 15 ga Oktoba

An kama Akawu, an saki Akawu. Su ta shafa.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ban je ba. Na ce wa maman yara injina ne ya lalace, sun ce sai Litinin.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. In na kwanta numfashi sai ya riƙa sarƙewa, a zaune na wuni. Maman yara ta buga wa asibiti, ƙaryata ta ƙare, ta kira Auta.

Ban taɓa ganin Auta haka ba. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki ko mayafi ba ta cire ba. Abin da na riƙe cikin maganarta: "Kana cewa tausayin 'ya'yana kake ji, Yaya. Naka fa, a bola ka tsinto su?" Da kuma: "Ka hana ni ba ka, ka hana inji ba ka, to mu zauna mu zuba maka ido ke nan?" Na ce ta fita mini daga ɗaki. Ta ce ba inda za ta, ta jawo kujera ta zauna, kujerar da ni na yi mata soso da hannuna.

Tsoro nake ji, shi ne gaskiya. Ba na mutuwata ba. Tsoron a shiga da ita ɗakin tiyata da ƙafafunta, a fito a ce mini sai haƙuri. In hakan ta faru ina zan sa kaina?

Ita ta kai ni asibiti da yamma. Sun yi mini wankin gaggawa, likitan da ke aiki ya wanke ni da baki kafin inji ya wanke ni.

Laraba, 22 ga Oktoba

Sista ba ta amsa gaisuwata ba. Ta soka allurar a hankali fiye da kullum, da wannan ne kawai na gane ba gaba ɗaya ta yi fushi ba. Da za ta wuce ta ce, "In ka sake yi mini haka, ni da kai ne."

A ƙarshen shirin aka sanar gobe za a kawo kashi na ƙarshe. Gobe Alhamis. Ranarta, ba tawa ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na rufe shago na tafi. Na ce wa abokin aikina zare zan sayo.

Sista ta gan ni a bakin ƙofa ta ce yau ba ranarka ba ce. Na ce na sani, kallo na zo. Ta yi kamar za ta kore ni, sai ta turo mini kujerar roba da ƙafa. Baƙon abu ne ganin ɗakin da wasu fuskoki, kamar ka shiga gidanka ka tarar da 'yan haya.

A kujerar bakin taga wani magidanci ne, bai kai ni shekaru ba, makonsa na biyu ke nan. Idonsa na kan robar da jininsa ke bi, gumi na tsatso masa ga sanyin ɗakin. Na ce masa daina kallon nan, dubi bango. Ya ce bai san kan fim ɗin ba. Na ce ai ka zo wurin da ya dace. Na kwashe labarin tun daga mota na ba shi, da takalmi, da lema, da tokar Akawu. Yana cewa "To sai me?" har aka fara. Ya ce shi matar yake zargi. Na ce maigadi ya wanke ta. Ya ce in maigadin aka saya fa? Wallahi ban taɓa kawo wannan ba.

Sai ga ƙarshen. Abokin Hulɗa ne, wai kan rabon kanti. Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota, Sufeto ta jefar da murfin biro. Shi ke nan. Takalmi fa? Ko a bakin wani ba a ambace shi ba. Yadda aka kulle motar ta ciki fa? Shiru. Can a hoton ƙarshe Sufeto ta buɗe motarta, ga koren lema a kujerar baya. Sai rubutu: za a ci gaba baɗi.

Na miƙe tsaye na ce, "Kan uba!" da ƙarfi a ɗakin marasa lafiya. Sista ta nuna mini ƙofa. Sabon ya ɗaga mini hannun da ba allura, ya ce in dawo mu ƙarasa gardamar maigadi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Har yanzu ina tafasa. In na karɓi kujerar mutum na yi mata sabon yadi na bar ƙafa ɗaya a karye, na ce ya dawo baɗi, ai sai ya kai ni ƙara. Wata biyu ana ja mana rai da takalmi, ashe su ma ba su san inda suka jefa shi ba. Ko sun sani suka ɓoye don su riƙe mu? Direba ya ce shi tun farko ya san Abokin Hulɗa ne. Mutumin da ko fuskar Sufeto bai sani ba.

Abin da ya fi ci mini rai, mutum ɗaya ce za ta ji zafin nan yadda nake ji.

Laraba, 29 ga Oktoba

Bari in rubuta a hankali.

Sista ta gama haɗa ni da inji, ta waiga, ta ciro wayarta daga aljihu ta kara mini a kunne. Ta ce, "Na gaji da aike, ji da kanka." Saƙon murya ne. Wata 'yar siririyar murya, a dishe, amma faɗa take yi tun daga sallama.

"Ɗan Litinin, kana nan? Ka ga abin da mutanen nan suka yi mana? Ina kwance ko tari ba na iyawa saboda ɗinki, na sa aka juyo mini talabijin, ashe wulaƙanci za a nuna mini. Ina takalmin? Na ce ina takalmin?"

Dashen ƙoda aka yi mata. An kai ta babban asibiti tun farkon wata, ta hana Sista faɗa wa kowa sai an ga yadda ta kaya, wai ba ta son a yi ta mata addu'ar tausayi. Ta ce yanzu ruwa take sha da babban kofi, har sai nas ta ce ya isa. Ta ce sosona na hannunta lokacin da aka tura ta tiyata. Ta ce lemar ba ta Sufeto ba ce, ajiye mata aka yi don a tsorata ta, in ban yarda ba mu haɗu baɗi.

Ana cikin haka wata muryar namiji ta kutso daga gefe: "Yaya, ki daina ruɗa bawan Allah, lemar tata ce!" Ta ce, "Kai rufe mini baki, kashi nawa ka kalla?" Saƙon ya yanke suna cikin yi.

Na ce Sista ta maimaita mini, ta maimaita. Na ce wane ne namijin? Ta ce ƙaninta ne, shi ya ba ta. Na ce shi ya bayar, shi ne kuma yake wannan gardamar? Ta ce tuni aka sallame shi, zuwa yake kullum yana hana ta sakat.

Na juya fuska wajen taga. Direba ya miƙo mini hankicinsa, Allah ya sa wankakke ne.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Muryar ƙanin nan ta ƙi fita daga kunnena. Ƙarfinta nake nufi. Mutum da ƙoda ɗaya yana ihu haka kan lema.

Na san ba kowa ke dacewa ba. Na san wani ana yi masa jiki ya ƙi karɓa. Na tambayi likita jiya, a fakaice, kamar don wani nake tambaya, ya masu bayarwa suke ƙarewa? Ya ce ba a taɓa mutum sai an bincike shi ciki da bai, in an ga ko ɗigon matsala a mayar da shi gida. Na ce ka ba ni tabbaci. Ya ce tabbaci na Allah ne, shi abin da ya gani zai iya faɗa. Da a da ne da na tashi na bar masa wurin. Jiya na zauna ya gama.

Auta ba ta zo ba tun ranar faɗan. Ta dai aiko da yaran sun wuni, ƙaramin ya tsinka mini zare kusan rabin ƙwarya.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ba wai na yarda ba ne. Jini ne kawai, ita ma ta faɗa.

Ni na kira ta jiya, na ce in tana da sarari ta zo ta raka ni wani wuri. Ba ta tambayi ina ba. Da muka tsaya a ƙofar ɗakin gwaji ta dube ni, na ce kada ki ce komai, in kika yi magana na fasa. Ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, ban duba ko dariya ce ko ɗayan ba. Matsoraciya, da aka zo ɗibar jinin runtse ido ta yi ta kama rigata, wai ita ce mai kyautar ƙoda.

Sun ce sakamako sai an kira mu. Wataƙila ya dace, wataƙila bai dace ba, in ya dace ma akwai wasu gwaje-gwajen a gaba, kowanne na iya tsayar da maganar. Na gindaya mata sharaɗi, in suka ga ko ƙwayar abu a jikinta an bar zancen har abada. Ta ce ta ji, Yaya.

Muna fitowa muka ci karo da likita a baranda. Ya ga auduga a hannun Auta, ya ga fuskata, ya yi hankali ya kau da kai. Don kada ya tayar da maganar na tambaye shi ko ɗakin da ake kwantar da masu dashe suna kama tashar nan. Ya ce ai ya ji shirin naku ya ƙare, sai baɗi za a ci gaba.

Na ce na sani.